Babi na Bakwai: Inda Jirgi Zai Tsaya

Duk garin da aka ce layin dogo zai ratsa ta gefensa, abu na farko da mutanensa ke yi shi ne haɗa tawaga. Hakimi da dagatai, shugaban ƙaramar hukuma, ɗan majalisa da 'yan ƙungiyar ci gaban gari, a rubuta takardar koke a kai wa gwamna ko minista: a taimaka a yi mana tasha. Hujjojin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Garinmu tsohon gari ne mai tarihi, kasuwarmu tana ci, matasanmu na zaman kashe wando, kuma ai an yi wa maƙwabtanmu. Ba ƙarya a ciki. Sai dai babu hujja ko ɗaya da ta amsa tambayoyin da injiniya da akanta za su yi idan takardar ta iso teburinsu. In an gina tashar, jirgi zai tsaya a cikinta? In ya tsaya, wa zai hau, ina za shi, kuma da me yake zuwa can a yau?

Ido ya fi kai wa ga gini, domin shi ake ɗauka a hoto ranar buɗewa. Amma a duk abin da ya haɗu ya zama tasha, ginin ne mafi sauƙi. Ɗan kwangila zai tsayar da shi cikin shekara guda, da rufi mai sheƙi da sunan wani babban mutum a goshinsa. Fasinja ne ba a bayar da kwangilar kawo shi. Saboda haka binciken da ake yi kafin a amince da sabuwar tasha, in na tsakani da Allah ne, yakan fara da jadawalin zirga-zirgar jirgin, ya zarce tashar mota, sai can daga baya a kira mai zanen gini.

Tsayawar jirgi tana da farashi, kuma ba masu koke ne ke biyansa ba. A bas, fasinja kan ce "akwai mai sauka", direba ya taka birki ya raɓe gefen titi, shi ke nan. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana buƙatar ɗaruruwan mita kafin ya tsaya cik. Zai jira a sauka a hau, ga tsoho da sanda, ga mai goyo da ƙunshin kaya, sannan ya ja jiki a hankali har ya koma gudunsa na da. Duk wannan yakan ci 'yan mintuna. Mu ɗauka mutum 500 ne a cikin taragun, kuma tsayawar ta ci minti 4. An kashe minti 2,000 ke nan na lokacin mutane, fiye da awa 33, a tsayawa guda. Idan mutum ɗari ne suka hau, ba wanda zai yi gardama. Idan mutum shida ne, to an ɗora wa ɗari biyar haraji don shida. A ƙara irin wannan tasha guda biyar a hanya, tafiyar awa biyu ta doshi awa biyu da rabi, kuma wasu daga cikin masu dogon zango za su koma mota. Kuɗin tikitinsu ne kuwa ke riƙe da layin.

Ƙaramin gari na da wata kafa da ba kowa ya san da ita ba. Yawancin layukanmu tilo ne, jirgin da ya taso daga kudu da wanda ya taso daga arewa a kan dogo ɗaya suke gudu. Dole a sami wuraren da layin zai rabu biyu na ɗan tsawo, ɗaya ya raɓe ya jira ɗaya ya wuce. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a Yulin 2016, haka yake, kuma ƙananan tashoshin da ke tsakani, irin su Asham da Jere da Rijana da Kakau, suna yin wannan aikin ko da ba a sayar da tikiti ko ɗaya a cikinsu ba. Haka ma a tsohon layi: tashoshi da yawa an kafa su ne don jirage su yi kiciɓis lafiya, kuma don kan jirgi mai aiki da gawayi ya sha ruwa. Garin da Allah ya sa wurin kaucewar ya faɗo kusa da shi ya yi sa'a. Jirgi zai tsaya dole, akwai ma'aikaci da sigina a wurin, abin da ya rage dakali ne da rumfa da hanyar shiga. Garin da ke tazarar kilomita goma daga irin wannan wuri kuwa, gara ya nemi a gyara masa titi zuwa can da ya nemi tasa tashar. Ba kasafai tawaga ke son jin wannan shawara ba.

Sai ƙidayar fasinja. A nan ne rahotanni da yawa ke yin aikin malalaci: a ɗauko yawan mutanen ƙaramar hukuma daga ƙidayar 2006, a ninka da wani kaso, a ce ga masu hawa jirgi. Yawan jama'a ba ya nuna yawan tafiya, balle inda ake zuwa. Wanda ke son sanin gaskiya ya tafi tashar motar garin da asuba, ya zauna wajen 'yan kamasho. Su suka san mota nawa ke yin lodi zuwa Kano a rana, nawa ke zuwa Katsina, wace rana ake rasa mota, wane wata direbobi ke kwana a layi ba fasinja. Littafin da 'yan ƙungiyar direbobi ke rubuta motocin da suka tashi ya fi kowace takardar ofis faɗin gaskiya. Kuma a yi ƙidayar fiye da sau ɗaya, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, da kaka da tsakiyar damina. Garin da ke cika ya batse ranar Lahadi, kamar Dambatta ko Mai'adua, yana iya zama tsit ranar Talata. Wannan bai hana a yi masa tasha ba, amma ya nuna irin wadda ta dace da shi, da ranakun da ya kamata jirgi ya tsaya.

Bayan an san masu tafiya, sai a tambayi nawa ne daga cikinsu za su bar mota. Matafiyi daga ƙofar gidansa yake lissafi zuwa ƙofar inda za shi, da kuɗin acaɓa ko A Daidaita Sahu a kowane ɓangare, da zaman jiran jirgi. Mota tana tashi da zarar ta cika, ta kuma sauke mutum a bakin kasuwa. Jirgin da ke wucewa sau biyu a rana ba zai ƙwace fasinjan tafiyar kilomita 40 daga hannun direban bas ba, sai in ya fi araha nesa ba kusa ba. A ƙasashen Turai masu tsara birane kan ɗauki kimanin mita 800, tafiyar minti goma a ƙafa, a matsayin da'irar da tasha ke jan mutane daga cikinta. A wurinmu babur ya faɗaɗa da'irar, amma babur ɗin ma gwamnati na iya hana shi dare ɗaya, kamar yadda aka hana acaɓa a birnin Kano a farkon 2013.

Layin Abuja da Kaduna ya koyar da darasi a kan wannan. Tashar Rigasa tana can yammacin Kaduna, mazaunin Kawo ko Barnawa sai ya ware lokaci da kuɗin mota na musamman kafin ya isa. Idu kuma tana yankin masana'antu, nesa da tsakiyar Abuja. Kubwa, wadda ba ita ce babbar tashar ba, ta zauna kusa da unguwannin da ma'aikata ke kwana, shi ya sa ba ta rabuwa da jama'a. Duk da nisan Rigasa da Idu jirgin ya cika, har tikiti ya zama abin cuwa-cuwa kafin a koma sayar da shi ta intanet a 2021. Mai gaggawa zai ce to ai nisa ba ya hana komai. Sai dai abin da ya cika taragun a waɗancan shekaru tsoron masu garkuwa da mutane ne a titin Abuja zuwa Kaduna. Janar da sanata da ɗan kasuwa duk sun ajiye motocinsu sun bi layin tikiti. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka tayar da bam a kan dogon, suka kashe fasinjoji, suka tafi da gommai daji, jirgin bai dawo aiki ba sai Disambar shekarar. Duk mai ɗauko alƙaluman wannan layi ya yi hasashen wata tasha a wani wuri, ya fara tambayar kansa nawa ne a ciki na son jirgi, nawa ne na gudun hanya.

Jirgin cikin birnin Abuja ya fi fito da abin fili. An buɗe shi a Yulin 2018 da tashoshi goma sha biyu, amma kaɗan ne suka yi aiki, domin da yawansu an gina su a cikin fili, ba titin kirki da zai kai mutum ƙofarsu. Da annobar korona ta zo a 2020 aka tsayar da shi, ya shekara huɗu a ajiye, ana biyan bashin da aka ci don gina shi. Sai da aka shimfiɗa titunan shiga tashoshin aka sake buɗe shi a Mayun 2024, har aka yi ta ɗaukar mutane kyauta don su saba. Titin kilomita biyu ko uku da ba a saka a lissafin farko ba shi ya kwantar da jarin ɗaruruwan miliyoyin dala. A ra'ayina duk rahoton da bai haɗa kuɗin titin shiga da wurin tsayawar motocin haya a cikin kuɗin tashar ba, a mayar wa mai shi ya sake.

Ko an yi ƙidaya da kyau, hasashe na iya kuskure, kuma tarihin dogo a Arewa da irin wannan kuskure ya fara. Turawan da suka matsa a ja layi daga Baro zuwa Kano auduga suke hange, wadda za ta ciyar da masaƙun Lankasha a Ingila. Layin ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Audugar ba ta tafi yadda suka so ba, domin masaƙan Kano suna saye da tsada fiye da farashin kamfanin Turawa. Manomi ya duba ya ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in farashi ya faɗi ana iya cin ta. Fataken Kano suka baza wakilai ƙauyuka, a 1913 gyaɗar da Najeriya ta fitar ta kai kimanin tan 19,000, buhuna suka taru a tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Dalar gyaɗa da ake alfahari da ita, wani ɓangarenta shaida ce ta ƙarancin tarago. Masu lissafin sun dace da cewa layin zai biya kansa, amma sun kuskure kayan da zai ɗauka, don ba su tambayi manomi da ɗan kasuwan Kurmi ba.

Kaya ne suka raya yawancin tashoshin Arewa, ba fasinja ba. Reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ɗaga Funtuwa da Gusau da auduga da gyaɗa. Na Kano zuwa Nguru ya kai ƙarshensa a 1930, ya bi ta Ringim da Gagarawa, bai shiga Haɗejiya ba, sai ya tsaya a Malam Madori. Kamfanonin saye suka kafa kantuna da sikeli a bakin tashar, baƙi suka zo ci-rani suka zauna, wurin ya zama gari, yau hedikwatar ƙaramar hukuma ce. Masu neman tasha suna son irin wannan labari, kuma suna da gaskiya cewa tasha na iya haifar da gari. Amma a lura da zamanin. A 1930 abokin takarar jirgi jaki ne da raƙumi. Yau tirela ce da ke zuwa har bakin gona ta yi lodi, ta sauke a ƙofar sito a Legas ba tare da an taɓa buhun sau biyu ba. A 1964 hukumar jiragen ƙasa ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Abin da ya biyo baya raguwa ce shekara bayan shekara, yayin da kwalta ke miƙewa gefen dogo.

Kuma tasha na mutuwa idan hanya ta sauya. Baro ta yi tashe lokacin da kaya ke sauka daga jirgin ruwa su hau na ƙasa, da aka gama gadar Jebba a 1916 jirage suka riƙa zarcewa Legas kai tsaye, sai ta koma gefe. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos don kwasar kuza ya rasa aikinsa bayan babban layi ya isa Jos ta Kafancan a 1927, aka rufe shi a 1957, tashoshinsa suka zama kufai. Mai bincike ya kamata ya duba taswirar shekara ashirin masu zuwa: wane titi ake shirin faɗaɗawa, wane layi zai zo ya kewaye wannan.

In don kaya ake son tasha, to buƙatunta daban ne. Ana son reshen dogo da za a ajiye tarago a yi lodi ba tare da an tare babban layi ba, da fili, da sito, da sikeli, da turken hawar da shanu in kasuwar dabbobi ce, da 'yan dako. Ana kuma son kayan da za su cika taragu da yawa a lokaci guda, kuma su yi nisan zango. Kasuwar Dawanau na da irin wannan kaya, haka kasuwar shanu ta Wudil ko Maigatari. Buhu hamsin na ƙauye ɗaya a mako aikin a-kori-kura ne.

Batun fili ba ya buƙatar dogon bayani, ko da yake nan ne rigima ta fi yawa. Dakali na son wuri miƙaƙƙe, shimfiɗaɗɗe, ba kan kwana ko gangara ba. A tambayi tsofaffin gari inda ruwa ke kwanciya a shekarar ambaliya, domin tudun dogo kan tare ruwa in kwalbati ta yi kaɗan. A duba burtali da maƙabarta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta amfanin gona da gine-gine ce, wanda sau da yawa ba ya kai darajar gonar a idon mai ita. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin inda tasha za ta zauna, masu ido da kwalli sun riga sun saye filayen kewaye.

Abin da aka fi mantawa shi ne kuɗin gobe. Ana gina tasha da bashi ko da kasafin shekara guda, amma albashin shugaban tasha da mai sayar da tikiti da masu gadi da mai shara kowane wata ne. Ga lantarki ko man janareta, ga ruwan banɗaki da na alwala, ga tsaron ƙarafan dogo da ɓarayi ke kwancewa su sayar wa 'yan gwangwan. Lissafin mai sauƙi ne: a haɗa kuɗin nan na wata, a raba da abin da tikiti guda ke kawowa, a ga mutum nawa ake buƙata kullum. In ba za a samu ba, ba laifi ba ne gwamnati ta ce za ta cike giɓin don amfanin jama'a, kamar yadda take yi wa asibiti. Amma a faɗi wace gwamnatin, kuma a rubuta. Tun Maris 2023, da aka gyara tsarin mulki aka cire harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, jihohi na da damar shiga. Gwamnan da ke son tasha a garinsu yanzu yana iya sa hannu a aljihun jiharsa, kuma nan ne ake gane wanda da gaske yake.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga ƙarshen abin da gini ba jirgi ke zama. An yi bikin buɗe tashar Yamai a 2014, kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa dogo kimanin kilomita 140 zuwa Doso, Shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da shi a farkon 2016, gab da zaɓe. Layin an yi shi ne don ya haɗu da na Benin a Paraku ya kai teku a Kwatano. Rikicin shari'a kan wanda ke da haƙƙin aikin ya tsayar da haɗewar, dogon ya tsaya a Doso, ba jigilar fasinja ba ta kaya.

Yanzu ido na kan layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal, da reshe zuwa Dutse. Bai bi miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Katsina ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya ba, ya karkata ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi, sannan Katsina da Jibiya. An yi ta surutu cewa Daura ce ta jawo karkatar, kasancewar shugaban ƙasa na lokacin ɗan can ne. Ko ma mene ne dalili, yankin cike yake da jama'a da manyan kasuwannin mako, don haka ana iya kare zaɓin. Abin da ya biyo baya dai shi ne fasinjan Kano zuwa Katsina zai yi zagaye, kuma kowace ƙaramar tasha da aka ƙara za ta ƙara masa dalilin komawa mota. Da ni za a tambaya, sai in ce a ware fili tun yanzu a duk garin da ake kyautata zaton zai buƙaci tasha, a killace shi, a fara da dakali da rumfa a wuraren kaucewar jirage, a tsara jirgi mai tsayawa ko'ina daban da mai zarcewa, a ƙidaya tikiti shekara biyu ko uku kafin a zuba kankare. Tashar Jibiya da ta Maraɗi kuwa lissafinsu ya rataya ne a kan abin da ba injiniyan da ke iya aunawa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Duk rahoton da zai ƙiyasta kayan da za su ƙetare ta nan, sai ya nuna abin da zai faru da kuɗin shigar layin a shekarar da aka sake sa wa iyakar kwaɗo.